Sipanar Baba Rabah

Satif, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Hasiba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya gwiwar Umma? Ki ce mata ina shan ƙwayoyin ƙarin jinin, ba na tsallakewa sai ranar da na manta. Ni lafiya ƙalau, sai nauyi. Cikin ya shiga wata na shida, ƙafafuna sun ƙi duk takalman da na zo da su daga gida Jijal.

Kin ce in daina rubuto miki labarin littattafai, in rubuto nawa. To ga nawa, amma bai kai nasu daɗi ba. Maigidana Buzid yana tafiya wurin aikin madatsar ruwa ran Lahadi da safe a motar ma'aikata, ba ya dawowa sai Alhamis da yamma. Kwana huɗu ni kaɗai. In yi shara, in dafa abin da ba zan cinye ba, in zauna bakin taga da littafi. A wanda nake karantawa yanzu, yarinyar tana wani gida a bakin teku, kullum ana ƙwanƙwasa mata ƙofa, yau mai furanni, gobe mai neman gafara. Ni wata biyar ke nan a layin nan, mai duba mitar wuta ne kaɗai ya san ƙarar ƙofata.

Ba rashin kirki ne da mutanen ba. Sai da na daɗe ina leƙe ta taga kafin na gane tsarinsu. Kusan kowane gida da tsohuwar motarsa a ƙofa. Ran Juma'a, in an ci kuskus an yi la'asar, sai maza su fito su ɗaga bonet, wannan ya leƙa ta wancan, ana gardama ana dariya har magariba. Ba mai kai mota gareji sai abin ya gagari layin gaba ɗaya. Kuma ba wanda yake da kayan gyara cikakku. Jak na ɗaga mota yana gidan mai burodi. Famfon taya yana gidan malamin makaranta. Sipanoni kuwa na Baba Rabah ne, wani tsohon direban bas da muka haɗa bango da shi, yana ajiye su a naɗe cikin guntun bargo kamar jariri. Mai bukata ya je ya ara. Abin da maƙwabcinka yake da shi, ba ka saya.

Ga abin da ya shafe ni, Yaya. Namiji ne ke arowa, amma mace ce ke mayarwa, a goge tas, da faranti a ɗaya hannun, ko da zaitun ne ko gurasa mai zafi. Ta haka matan ke shiga gidajen juna, a zauna a sha gahawa, a san wadda ba ta da lafiya da wadda ta kusa haihuwa. Buzid bai taɓa aron komai ba. Saboda haka ni ma ban taɓa mayar da komai ba.

Juma'ar da ta wuce motarmu ta kama tari. Baba Rabah ya tako da kansa, ya karkata kai ya saurara, ya ce, "Fulogi ne, ango. Shiga ka ce wa Zulaiha ta ba ka doguwar sipanar nan." Buzid ya ce, "Na gode, Baba, zan duba," ya rufe bonet. Ran Asabar ya tafi kasuwa ya dawo da sabuwar sipanar fulogi a cikin takarda. Ya buɗe mini ita a hankali kamar zobe ne, har na taya shi murna, don ban yi tunani ba. Ya fita ya yi aiki da ita a ƙofar gida da rana tsaka. Baba Rabah yana zaune a kujerarsa yana kallo. Can sai ya tashi, ya ɗauki kujerar, ya shige gida.

Motar ta daina tari. Ni kuma tun ranar nake jin wani abu ya tsaya mini a ƙirji, ban sani ba ko yaron ne.

Ki gaida Umma da kyau, ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Wardiya


Satif, 28 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Hasiba,

Bayan gaisuwa da begenku. Takardarki ta iso, da safar jaririn da Umma ta saƙa. Allah ya saka, ya ƙara wa gwiwar sauƙi. Yaya tarin ƙaramin naki? Nan sanyi ya fara, irin wanda ba mu sani ba a gida, mai shiga haƙori.

Kin ce sipana ɗaya ba abin tashin hankali ba ce. Ni ma haka na ce. Amma Inna Zulaiha, matar Baba Rabah, da can in mun haɗu a saman bene wajen shanya takan tambaye ni cikin, har ta taɓa ce mini in rage gishiri. Yanzu "lafiya" ce kawai, ta juya tana matse zani. Kwanakin baya kuma ina shanya na jiyo Baba Rabah a ƙasa yana ce wa mai burodi, "Maƙwabcina ya buɗe gareji, ba ka ji ba? Ka jira, mako mai zuwa zai sayo limaminsa." Suka yi ta dariya. Maganar ta kai kunnen Buzid, ban san ta bakin wa ba.

Yanzu ya ce komai zai saya. Akwai wani jan akwati da ya gani a kasuwa, mai hawa uku, sipanoni a jere daga ƙarama har babba, da filaya, da sukudireba kala-kala, da jak a gefe. Abin da ya ware na mota zai isa abu ɗaya ne kawai, kuma akwatin yake so. Ya rubuta kayan da ke ciki a bayan kwalin shayi, yana yawo da shi a aljihu. In ya dawo ran Alhamis a gajiye, ya zauna ya ciro kwalin yana karantawa, leɓensa na motsi. Yadda nake da littattafaina haka yake da kwalin nan, shi ya sa na kasa yi masa dariya.

Na tambaye shi me ya yi zafi. Ya ce, "Ranar da haihuwa ta zo, ba zan tsaya a ƙofar kowa ina roƙon jak ba. Motar nan za ta tashi da hannuna." Kin ga, don ni yake yi. Wannan ne ya fi gajiyar da ni.

Sai ran Juma'a da rana, muna ɓare wake, ya gaya mini abin da bai taɓa faɗa ba. A ƙauyensu Mai-aro ake kiran mahaifinsa, har a gabansa. Ya ari fartanya, ya ari tsani, ya ari sirdin jaki, ba ya mayarwa. Ba mugunta ba ce, sakaci ne da rashi. Da ya rasu, Buzid yana da shekara goma sha tara, shi ke zaune a tabarmar gaisuwa. Mutum ya zo ya yi addu'a, ya shafa, ya ce Allah ya jiƙansa, in zai fita sai ya ratse bayan ɗaki ya ɗauki abinsa. Kafin kwana uku gidan ya zama fili. Har rariyar da mahaifiyarsa ke tankaɗe da ita wata ta zo ta karɓa. Ya faɗi wannan yana ɓare wake, bai ɗaga kai ba.

A littafi, a nan ne matar za ta kama hannunsa ta faɗi magana ɗaya, komai ya warware. Ni na ce masa waken ya isa haka.

Na gwada dabarun da na sani. Na rubuta masa takarda mai shafi biyu a kan kaɗaici, na sa masa a aljihun riga. Washegari na gan ta a ƙofar gida, ya goge sandar awon baƙin mai da ita, bai ma buɗe ba, ya ɗauka takardar banza ce. Na dafa masa miyar shorba irin ta mahaifiyarsa, na kunna kyandir a kan tebur da magariba. Yana shigowa ya ce, "An ɗauke wuta ne?" ya juya ya tafi duba mita. Na ci shorbata na hure kyandir.

Asabar ta sama za mu je kasuwar. Na ce zan bi shi, ya ce da wannan cikin, na ce da shi.

Kada ki karanta wa Umma wannan. Ki ce mata ina lafiya, gaskiya ne kuma.

Taki har kullum,
Wardiya


Satif, 24 ga Nuwamba

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa da kowa. Ina fata ruwan sama bai sake shiga ɗakin Umma ba. Ki yafe mini jinkirin amsa, hannuna ma kumbura yake yi yanzu, alƙalami yana yi mini nauyi.

Mun je kasuwa. Layin masu ƙarfe yana can ƙarshe, bayan masu kaji, ga taɓo ga iska. Kafin mu kai na gaji, mai shagon ya kife mini tsohuwar taya na zauna. Ya jawo jan akwatin ya buɗe shi hawa-hawa. Yaya, ba zan ɓoye miki ba, yana da kyau. Kowace sipana da gurbinta, suna ƙyalli kamar cokulan amarya. Ni kaina sai da na ji ina so. Mai shagon ya ce, "Wanda ya mallaki wannan, Hajiya, ya gama da mutane." Buzid ya yi murmushi, rabon da in ga irinsa tun bikinmu.

Na shirya magana mai tsawo tun daga gida, mai daɗi, har na haddace. Duk ta gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "In haihuwar ta zo ran Litinin fa?"

Ya ce, "Akwai waya a shagon kan kwana. A kira ni, awa biyu na iso."

Na ce, "Wa zai je shagon?"

Ya mayar da idonsa kan akwatin.

Na ce, "Akwatin nan yana hawa matakala? Ya iya riƙe mace?" Mai shagon ya juya yana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Na ce, "Daga Lahadi zuwa Alhamis ba na magana da kowa, Buzid. In na faɗi a banɗaki, sai ka dawo za a sani."

Ya daɗe yana kallon akwatin. Sannan ya ce, "To me kike so in saya? Fure?"

Amsar tana bakina, don zaman taga ya koya mini. Tun da sanyi ya shigo, kullum da safe sai an tura mota biyu ko uku a layinmu, batir ya kwana ya mutu. Mai burodi har a baro yake ɗora nasa ya kai wani gareji a ƙetaren gari. Duk layin ba mai na'urar cajin batir. Na ce ita za mu saya, abin da ba kowa yake da shi ba, don a zo a nema a wurinmu.

Mai shagon ya ciro ta daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙura. Wani baƙin gwangwani ne mai nauyi, da wayoyi biyu masu baki kamar ƙaguwa, da allura guda a goshi. Ban taɓa ganin abu mai muni haka ba. Buzid ya biya ya ɗauka. Da za mu fita ya ciro kwalin shayin nan daga aljihu, ya duba, ya mayar. Har gida bai yi mini magana ba, amma duk inda hanya ta yi rami sai ya rage gudu.

Mun ajiye ta a zaure kusa da soket. Buzid ya gaya wa mai burodi da bakinsa cewa akwai, duk mai so ya zo. Na sayi gahawa mai kyau. Na wanke labule.

Mako uku ke nan, ba wanda ya zo. Ta gaban ƙofarmu suke tura motocinsu, suna nishi, hayaƙi na fita daga bakinsu. Mai burodi ya wuce da baronsa jiya, ya ɗaga mini hannu.

Yau da safe na kasa daurewa. Na tarar da Inna Zulaiha a saman bene, na ce, "Inna, laifin me muka yi kuma?" Ta gama shanya rigar da ke hannunta tukuna. Ta ce, "'Yata, mijinki yana so a zo masa, shi ba ya zuwa wa kowa. Wa zai ari abu a hannun wanda bai taɓa ara ba? Sai ka ji kamar bara ka je." Ta dubi ƙafafuna, ta ce, "Ba na ce ki rage gishiri ba?"

Ga inda muke. Na hana shi akwatinsa, kuma ban samu komai ba. Abin da ya rage shi ne in ce masa ya je ya yi abu ɗayan da ya rantse ba zai yi ba. Gobe Alhamis. Ban san ta inda zan fara ba, kuma na gaji da farawa.

Ki sa ni a addu'a. Gaisuwa ga Umma.

Wardiya


Satif, 21 ga Disamba

Zuwa ga Yaya Hasiba,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗi da kika ce Umma ta fara taka ƙafar har bakin ƙofa. Nan ƙanƙara ta sauka sau biyu. Likita ta ce saura mako uku ko huɗu, komai daidai.

Na gaya masa, kamar yadda Inna ta faɗa, ban ƙara ban rage ba. Bai yi faɗa ba. Da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya yi Juma'a da Asabar a cikin gida kamar baƙo, Lahadi ya tafi. Da ya dawo, ran Juma'a bayan la'asar, ina kwance sai ga shi tsaye a kaina da sipanar fulogin nan tasa. Ya ce, "Ɓoye ta inda ba zan gani ba." Na tura ta bayan littattafaina.

Na bi shi da ido ta taga. Taku goma ne tsakanin ƙofarmu da ta Baba Rabah, amma sai da ya tsaya ya ɗaure igiyar takalmi a hanya. Maza duk suna waje, kowa da bonet a ɗage. Baba Rabah yana kan kujerarsa.

Buzid ya ce, "Baba, ko zan samu aron sipanar fulogi?"

Baba Rabah ya sa hannu a kunne. "Me ka ce? Kunnen nan bas ta cinye shi."

Ya maimaita da ƙarfi. Duk mazan layin suka ɗago kai.

"Taka fa, ango? Ta yi aure?"

"Ta ɓace, Baba."

"Da wuri haka. Kayan yanzu ke nan." Ya juya ya ƙwala kira, "Zulaiha, kawo bargon nan." Ya kwance shi a kan gwiwa a hankali, ya zaɓo doguwar, ya miƙa. Da Buzid ya kama, tsohon bai saki nan da nan ba. Ya ce wani abu ƙasa-ƙasa wanda ban ji ba, har yau kuma Buzid bai gaya mini ba.

Ya dawo ya kwance fulogi huɗu waɗanda ba abin da ya same su, ya hure su, ya mayar.  Ranar bai ci abinci ba. Na zauna kusa da shi.

Washegari na goge sipanar, na soya makrud, cincin ɗin nan mai dabino a ciki, rabinsa ya ƙone, na jera masu kyaun a sama. Inna Zulaiha ta buɗe tun kafin in ƙwanƙwasa. Ta juya ɗaya ta ga baƙin, ta ce, "A littafi kika koya?" Ta zaunar da ni kusa da murhu, ta ɗora ƙafafuna a kan matashi. Sai da aka kira magariba na fito.

Yanzu kuwa, Yaya, batura ne a zaurena, jiya har biyar a layi. Na'urar tana gurnani yini guda, gidan yana warin ruwan batir, ya ɗiga a kan shimfiɗar da kika ba ni ya huda ta wuri biyu, ki yi haƙuri. Maza su kawo da yamma su ɗauka da safe, matan su biyo baya da faranti, kuma ba mai tafiya da wuri. Matar mai burodi tana da labarin haihuwa goma sha ɗaya, kowanne ya fi na baya ban tsoro. Matar malamin ta ce labulena gajere ne. Littafin yarinyar bakin tekun nan yana nan a shafin da na bar shi tun watan jiya. Wani lokaci in na ji ƙofa sai in rufe ido in ce wayyo. Ni na roƙa, na sani.

Buzid yana fita Juma'a yanzu, ana leƙa motarsa yana leƙa ta wasu. Ya ari jak sau ɗaya, wannan bai hana shi cin abinci ba. Amma da na zo wanke rigarsa na tarar da kwalin shayin yana nan a aljihu, ya yi laushi don naɗewa. Na mayar masa a wankakkiyar.

Game da zuwanki da kika ce, kada ki bar Umma da yara a wannan sanyi, ki dakata sai suna. Ga dalili. Inna Zulaiha ta shigo ɗakina ta auna bangon da hannu, ta nuna mini daidai inda kan gadonta yake ta wancan gefe. Ta ce in na ji wani abu, ko wane lokaci ne, in buga sau uku. Ran Talata da hantsi ina jan akwatin kayan jariri, gwiwar hannuna ta bugi wurin, sau ɗaya tak, ba da niyya ba. Ban gama shafa gwiwar ba sai ga ta a tsakar ɗakina, ƙullun gurasa har wuyan hannu, takalmi ƙafa ɗaya. A waje kuma Baba Rabah ya riga ya tada mota yana danna ham. Na ce, "Inna, kuskure ne, kuma ai sau uku kika ce." Ta zauna a bakin gado tana haki, ta ce, "Wa zai tsaya ƙirga?"

Sai da na ba ta ruwa. Baba Rabah kuwa ya ce tunda an riga an ƙona mai, bari ya je sayen taba.

Ki gaida Umma, ki ce mata ta kwantar da hankalinta. Ki gaida maigidanki da yara.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Wardiya